Lambar Da Ke Cikin Kunnen Kare

A ƙarshen shekarar 2019 aiki ya zaunar da ni a gabashin birnin Manchesta na ƙasar Ingila, cikin wani layi na gidajen jan bulo da ke manne da juna kamar haƙora. Maƙwabciyata wata tsohuwa ce, ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya. Bakina ya ƙi ɗaukar kiran dattijuwa da sunanta gatsal kamar yadda suke yi a can, sai na laƙaba mata Iya, ita kuma ta karɓa da dariya. Iya tana da karya baƙa, doguwa, siririya, mai faɗin ƙirji da tsukakken ciki, irin wadda Turawa ke kira girehawun, wato karen tsere. Na yi wata biyu ina tsallaka titi duk lokacin da na hango su. Ni ɗan gidan da "kare" zagi ne, kuma mai alwala ba ya son dogon bayani da dabbar da ke sansanar ƙafar wando.

Wata safiya da ƙanƙara ta daskare a dakalin ƙofa, Iya ta zame ta gurɗe hannu. Babu kowa a layin sai ni. Kafin motar asibiti ta iso ta miƙo mini igiyar ta ce, "Ɗana, riƙe mini ita, ba ta cizo." Na riƙe, jikina a sandare. Karyar ba ta yi haushi ba, ba ta ko kalle ni ba. Ta jingina kafaɗarta da cinyata tana rawar ɗari. A nan na lura da abu biyu: tana ɗingisa ƙafar baya ta dama, kuma cikin kunnuwanta akwai wasu haruffa da lambobi da aka tsaga da koren tawada.

Bayan kwanaki Iya ta yi mini bayanin haruffan. Duk karen da aka haifa domin tsere ana yi masa wannan shaida tun yana ɗan kwikwiyo. Na Ingila a kunnen dama kaɗai, na ƙasar Ayalan a kunnuwa biyu. Tata 'yar Ayalan ce, kamar mafi yawan karnukan da ke tsere a Birtaniya. Da wannan lamba ake gane uwa da uba da ranar haihuwa da duk tseren da kare ya taɓa shiga. Iya ta bi lambar a intanet. Ta ce su takwas uwarsu ta haifa a ciki ɗaya, amma uku kawai ta samu sunayensu a jerin waɗanda suka taɓa taka filin tsere. Na tambaye ta sauran biyar fa. Ta ɗaga kafaɗa, ta ci gaba da shafa kan karyar.

Wannan tambaya ta sauran biyar ita ta sa na shiga karance-karance a kan sana'ar da da can nake ɗauka wasan yara ce, kuma fafutukar hana ta nake yi wa kallon aikin wanda ya ƙoshi.

Farauta da kare tsohon abu ne, amma tseren karnuka a zagayayyen fili bai wuce ƙarni ɗaya da 'yan kai ba. Wani Ba'amurke mai suna Owen Patrick Smith ne ya ƙera zomon ƙarya da inji ke ja a kan dogo, aka fara amfani da shi a garin Emeryville na jihar Kalifoniya wajen 1919. Abin mamaki, niyyarsa ta farko ita ce a daina yagalgala zomaye masu rai a gaban jama'a. A ranar 24 ga Yuli, 1926 aka yi tseren farko irin wannan a Birtaniya, a filin Belle Vue, wanda tafiyar 'yan mintuna ce daga gidan da nake haya. Nan da nan abin ya bazu, domin ya dace da rayuwar leburan masana'anta: fili yana cikin gari, ana yi da dare bayan tashi daga aiki, kuma da 'yan sulalla mutum zai yi cacarsa. Sukuwar dawaki ta sarakuna da attajirai ce, kare kuwa dokin talaka. A shekarun 1940 filayen da ke da lasisi sun haura 70. Yau kusan 20 suka rage. Walthamstow na Landan ya rufe a 2008, Wimbledon a 2017, shi kansa Belle Vue ya rufe a 2020 ina garin, aka rushe shi domin gina gidaje.

Raguwar 'yan kallo ba ta kashe sana'ar ba, sai dai ta sauya mata ubangida. Tun da aka halatta shagunan caca a Birtaniya a 1961, ɗan caca bai da buƙatar zuwa fili. Yanzu ana yin tsere da hantsi da azahar a gaban kujeru wayam, kyamara na ɗauka ana watsawa shaguna da wayoyi a ƙasashe da dama. Abin da kamfanin caca ke saye shi ne sabon abin zuba kuɗi kowane 'yan mintuna, safe da yamma, duk shekara. Wannan buƙata kuwa ba ta cika sai da karnuka masu yawan gaske.

Shi tseren kansa bai kai rabin minti ba. A Birtaniya karnuka shida ne, kowanne da takunkumi da 'yar riga mai lamba, ana sakin su daga akwatuna su bi zomon inji na nisan kusan mita 480. Gudunsu yakan kusanci kilomita 70 a awa. Matsalar tana ga siffar filin. Kullum hagu suke juyawa, kuma dukkansu suna neman gefen ciki a kwanar farko, a daidai lokacin da gudu ya kai maƙura. Nan ake karo, nan ake wuntsilawa. Ko ba a yi karo ba, nauyin juyawar yana sauka ne a kan ƙafar baya ta dama, har wani ɗan ƙashi da ke tsakiyar idon sawun ya riƙa tsagewa a hankali, ranar da ya gaji ya fashe. Likitocin dabbobi sun san wannan karaya sarai. Ɗingishin karyar Iya ke nan. Hukumar da ke kula da tseren a Birtaniya ta ba da alƙaluman 2023: raunuka 4,238, da karnuka 109 da suka mutu a filin. Hukumar takan ce idan aka auna da yawan gudun da aka yi a shekara, raunin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Gaskiya ne. Amma kare ba sau ɗaya yake gudu ba. Wanda ya yi tsere hamsin ya jefa ƙafarsa cikin wannan ƙuri'a sau hamsin.

Duk da haka, a ganina, mafi munin abin ba a filin yake faruwa ba. Ba a iya gane kwikwiyon da zai yi gudu sai ya girma an gwada shi. Saboda haka mai kiwo yakan haifar da yawa domin ya tsinci kaɗan. Wanda ya shiga tsere kuma yakan gama amfani yana ɗan shekara huɗu ko biyar, alhali yana iya rayuwa shekara goma sha biyu ko fiye. Ciyar da shi sauran shekarun asara ce ga wanda ya saye shi domin riba. A cikin takardun sana'ar akwai kalmar da suke kiran waɗannan karnuka da ita, ma'anarta rarar da ake zubarwa, kamar ƙaiƙayi bayan shiƙa.

A 2006 jaridar Sunday Times ta bankaɗo wani mai sayar da kayan gini a garin Seaham, arewa maso gabashin Ingila, wanda ake kai wa karnukan da suka gaza yana harbe su a ka, fam 10 kowanne, yana binnewa a filin bayan gidansa. An ƙiyasta sun kai 10,000 cikin shekara goma sha biyar. Da aka gurfanar da shi, tarar fam 2,000 aka ci shi, kuma laifin da aka kama shi da shi binne mushe ba izini ne. Kisan bai saɓa wa doka ba. A Ayalan, gidan talabijin na RTÉ ya fito a watan Yunin 2019 da wani rahoto da hukumar tseren ƙasar da kanta ta sa aka rubuta ta kuma ɓoye: ana haifar kimanin 16,000 a shekara, ana kashe kusan 6,000 saboda rashin gudu. Akan tsinci gawar kare an yanke mata kunnuwa, domin kada lambar ta tona asirin mai shi. Da na karanta wannan sai na tuna koren tawadar nan.

Ostireliya ce ta fi ba da cikakken lissafi. A Fabrairun 2015 shirin Four Corners na tashar ABC ya nuna hotunan da aka ɗauka a ɓoye, inda masu horarwa ke ɗaure zomaye da 'ya'yan alade masu rai a jikin injin, suna sakar musu karnuka domin su ɗanɗani jini. Jihar New South Wales ta naɗa tsohon alƙalin babbar kotun ƙasar, Michael McHugh, ya yi bincike. Rahotonsa na 2016 ya ce daga cikin karnuka 97,783 da aka haifa a shekara goma sha biyu, an kashe tsakanin 48,891 zuwa 68,448. A lura da tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu: karnuka kusan dubu ashirin da alƙali mai ikon sammaci ya kasa tabbatar da makomarsu. Firimiyan jihar, Mike Baird, ya sanar da haramta tseren a watan Yuli. A watan Oktoba ya janye, bayan 'yan majalisar karkara na ɓangarensa sun yi masa bore. Wata guda bayan haka abokan haɗin gwiwarsa suka rasa kujerar Orange da suka daɗe suna riƙe da ita. Har yau ana tseren a jihar.

Idan aka dubi wuraren da masu fafutuka suka yi nasara mai ɗorewa, za a ga ba hoton tausayi kaɗai ya yi aikin ba. A jihar Massachusetts ta Amurka an kai maganar ƙuri'ar raba gardama a 2000, aka kayar da su da ƙaramar rata. Christine Dorchak da Carey Theil suka kafa ƙungiyar GREY2K USA a 2001, kuma abin da aka fara samu a majalisar jihar doka ce mai kamar ba ta da haƙora: kowane fili ya riƙa kai wa gwamnati rahoton duk karen da ya ji rauni, da sunansa da irin raunin. Da aka koma rumfar zaɓe a 2008, akwai takardun ɗaruruwan karnuka da sana'ar ta rubuta da hannunta, aka kuwa ci da kashi 56 cikin 100. A Fulorida, inda filaye 11 cikin 17 na Amurka suke, rahoton mace-mace ya zama wajibi daga 2013, sai aka ga kusan kowane kwana uku kare na mutuwa. Akwai kuma wani abin ban takaici: da yawa daga filayen asara suke yi a tseren, amma doka ta ɗaure lasisin teburan karta da ci gaba da shi, saboda haka karnuka ke karyewa domin gidan caca ya riƙe takardarsa. A Nuwamban 2018 kashi 69 cikin 100 na masu zaɓe suka amince a hana, aka yi tseren ƙarshe ranar 31 ga Disamba, 2020. Yanzu filaye biyu suka rage a duk Amurka, dukansu a West Virginia.

Abin da ya haɗa waɗannan labarai, a nawa karatun, tilasta ƙirga ne. Muddin kare yana iya fita daga littafi ba tare da wani ya amsa tambaya ba, sana'ar tana da riba. Ranar da aka ce kowace lamba sai an nuna inda ta ƙare, lissafin kuɗin yakan fara tangal-tangal.

Sai dai littafin kowace ƙasa yana tsayawa ne a bakin iyakarta, shi ya sa fafutukar ta zama ta ƙetare. A da, yankin Makau na ƙasar Sin yana da fili guda, Canidrome, wanda ke sayen karnukan Ostireliya da suka gaza a gida. Babu tsarin ba da su riƙo bayan sun gama. Wanda ya daina shiga sahun gaba allura ce makomarsa, kuma an ruwaito ana kashe kimanin talatin a wata. A takardun Ostireliya kuwa an rubuta kawai cewa an fitar da su waje. Wata ƙaramar ƙungiyar kare dabbobi ta Makau mai suna Anima, ƙarƙashin Albano Martins, ta haɗa kai da ƙungiyoyin Amurka da Turai da Ostireliya, suka bi hanyar da kayan ke shigowa. A Disamban 2015 kamfanin jiragen Qantas ya daina ɗaukar karnukan tsere zuwa Asiya. Filin ya rufe a Yulin 2018, aka bar karnuka fiye da 500 a keji. Watanni aka kwashe ana yi musu magani ana tura su gidaje a nahiyoyi daban-daban. Niyu Zilan ta ɗauki darasi daga irin wannan. Ranar da ministan harkokin tsere Winston Peters, wanda ba a san shi da ƙin sana'ar sukuwa ba, ya sanar a Disamban 2024 cewa za a rufe tseren karnuka zuwa ƙarshen Yulin 2026, majalisa ta gaggauta zartar da dokar da ta hana kashe karen tsere ba da dalilin likita ba. Sun san abin da zai faru da karnuka kusan 2,900 idan suka wayi gari ba su da daraja a kasuwa. Gwamnatin Wales ma ta bayyana niyyar haramtawa a Fabrairun 2025.

Ba zan ɓoye ba, akwai hujjar ɗaya ɓangaren da ta tsaya mini a rai. Na taɓa hira da wani dattijo a wurin da masu riƙon tsofaffin karnukan tsere ke haɗuwa ranar Lahadi. Shekara talatin ya yi yana aiki a ɗakunan karnuka, kuma ya san sunan kowanne da ya taɓa wankewa. Ya ce dawaki ma suna karyewa ana harbe su a filayen sukuwa, amma tunda gidan sarauta na da dawaki babu mai maganar rufewa, sai dokin talaka aka gani. Ban sami amsar da zan ba shi ba, domin yana da gaskiya a kan dawakin. Haka kuma sana'ar ta gyara wasu abubuwa: a 2020 a Birtaniya aka fara ajiye fam 400 kan kowane kare domin kuɗin ritayarsa, kuma yawan waɗanda ake samar wa gidaje ya ƙaru. Amma gyaran bai taɓa kwanar farko ba, bai kuma kai ga 'yan kwikwiyon da ba su taɓa samun rajistar tsere ba. Manyan ƙungiyoyin nan uku, RSPCA da Dogs Trust da Blue Cross, sun shafe shekaru suna zama teburi ɗaya da hukumar tseren suna neman gyara daga ciki. A Satumban 2022 suka ce sun haƙura, a rufe kawai.

Akwai kuma tambayar da na yi wa kaina tun kafin wani ya yi mini: mutumin da ake sace 'yan garinsu a hanyar kasuwa, ina shi ina kukan karnukan Turawa? Ban ce nauyinsu ɗaya ba. Amma na gano cewa ƙyamar da na taso da ita ta fi abin da malamanmu suka karantar tsanani. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, abin da horarren karen farauta ya kamo halal ne da sharuɗɗansa, kuma kowane ɗan makarantar allo ya ji labarin wanda aka gafarta wa domin ya shayar da kare mai ƙishi. Mu ma muna da namu masu dogayen ƙafafun. Karen Buzaye na kwarin Azawak, a iyakar Nijar da Mali, da ka gan shi ka ga siffar karyar Iya. Kawuna mafarauci ne, yana da uku irin na ƙauye, kuma na tuna tsohon cikinsu, wanda ido ya mutu masa, yana kwance ƙarƙashin rumbu ana zuba masa ragowar tuwo har ya mutu don kansa. Ba ina wanke mu ba ne. Na jefi kare da dutse ina yaro, babu babban da ya tsawata mini. Abin da nake nufi shi ne kawu karnuka uku yake buƙata, uku ya ajiye. Babu lissafin da ya tilasta masa haifar takwas ya zubar da biyar.

Karyar Iya ta zo gidanta tana da shekara huɗu ba ta san hawa matakala ba, ba ta san gilashin ƙofa ba, sai da aka manna masa takarda ta daina buga goshi. Ta mutu a 2022, a kan doguwar kujerar falo. Iya ta aiko mini da hoton.

Bayan na dawo gida, wata rana gwaggona ta roƙe ni in nemo mata ɗanta da ya fara salwantar da kuɗin gyaran wayoyin mutane. Na same shi a wani shagon caca a bayan tasha, cikin samari sun zuba wa allon talabijin ido. Karnuka shida ne a allon, da riguna irin na filayen Birtaniya: ja na ɗaya, shuɗi na biyu, fari na uku, baƙi na huɗu, ruwan lemo na biyar, mai zane na shida. Kowane 'yan mintuna sabon tsere. A irin waɗannan shaguna wani tseren zanen kwamfuta ne, wani kuma tsohon hoton tseren gaske ne da aka naɗa inji ke zaɓowa. Na ja shi waje ina yi masa faɗan kuɗi, har zancen ya kai ni ga karnukan. Ya ce, "Haba Yaya, ai waɗannan ba sa gajiya, tun safe suke gudu." Na waiga ta ƙofa. An sake sakin su, sun nufi kwanar farko a dunƙule, na huɗu ya ɗan yi tuntuɓe ya koma baya, wani yaro ya yaga takardarsa ya zagi uwar karen.